Allurar da Ta Dawo Gida

Ƙarfe biyun dare, damina ta kama Alappuzha da kokawa,
ruwa na dukan kwanon ɗakin maza kamar mai bin bashi.
Aka shigo da Chellappan masunci, an riƙo shi ta hammata,
ƙafarsa ɗaure da tsumma, tsumman ya sha jini ya ƙoshi.
Ya ce yana jan koma a gaɓa wani abu ya soke shi,
ya miƙo mini abin a cikin ledar burodi:
allura ce, gindinta shuɗi, bakinta ya fara tsatsa.

Na san irinta, yatsuna sun san nauyinta.
Ko tamu ce, ko ta wani asibitin, Allah masani,
amma tsikar jikina ta ce, Ambili, taki ce.

Na wanke raunin, na ɗaure, na yi masa rigakafi.
Ya dube ni yana cije baki, ya ce,
"Sista, teku ba ta cin amana.
Abin da ka ba ta ajiya, har ƙofa take kawo maka."

Washegari na ƙirga safar hannun da na yar.
Arba'in da ɗaya kafin la'asar!
Wata don jini, wannan dole ce,
wata don kawai na miƙa wa tsoho kofin shayi,
wata don na taɓa goshin yaro,
alhali ga sabulu, ga famfo, ga tafina mai ɗumi.

Thresiamma, wadda furfura ta cinye wa kai a bakin aiki,
ta ce a zamaninsu sirinjin gilashi suke dafawa,
ba ta kewar zamanin, ta ga waɗanda ya kashe,
amma ba ta taɓa ganin shara ta fi gadon majinyaci tsayi ba
sai a namu.

Rejitha ta harare ni:
"Gado ashirin da takwas, mu biyu rak,
sannan in tsaya tantance bola?"
Ban musa mata ba, gaskiyarta ce.
Na dai jawo kwandunan kusa da teburin magani,
ja nan, rawaya nan, farin akwatin allura a tsakiya,
yadda hannu zai faɗa daidai ko ido na gyangyaɗi.
Ta yi mako guda tana tsaki,
daga baya na ji tana yi wa sabuwar ɗaliba faɗa
don ta jefa ɓawon ayaba cikin na ƙonawa.

Sarasamma mai shara ce ta fara shaida.
Ta ce buhun hayaƙi ya rage nauyi,
kuma wata biyu ke nan babu abin da ya soke ta.
Sai a ranar na lura da tabban da ke yatsunta.
Shekara tara muna gaisawa.

Ba kullum nake cin nasara ba.
Daren da motar haya ta kife a kan gada
mun yaga leda ba adadi, mun cakuɗa komai,
kuma ko gobe haka zan yi, rai ne a gaba.
Amma daren da ya zo da sauƙi
nakan bi ɗakunan da babu kowa in kashe fanka,
in murɗa famfon nan mai zubar hawaye tun bara.

Chellappan ya dawo ranar Talata, yana ɗingishi kaɗan,
gwajinsa ya fito lafiya lau.
Ya kawo mana kifi shida tukuici,
ƙulle tamau a cikin baƙar leda.
Rejitha ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.
Na soya kifin da daddare,
na wanke ledar, na shanya ta a taga.